Gidan Zanzaro

Ƙarfe biyu na rana a Garin Malam.
Duwatsu sun ɗau zafi kamar tanda,
ko ƙadangare ya laɓe gindin randa.
Muka jingine babur jikin bedi,
ni da jakar kayan aiki, Zabeiru da tarinsa.

"Kwana uku ke nan," in ji Hajiya Cima daga kan katifa,
"abin nan na bango yana gurnani
kamar raƙumin da aka ƙara wa kaya,
iskarsa kuwa ba ta kai numfashin jinjiri ba."

Maigidana bai amsa ba. Bai ji ba.
Shekara talatin yana kara kunne jikin ƙarfe
inji na faɗa masa inda ke yi masa ciwo,
har kunnen ya cinye
yadda wuƙa ke ƙarewa a bakin dutsen washi.

Ya ɗora tafin hannu a kan murfin.
"Mutari, me kake ji?"
Na ce ƙara, da ƙarfi, kusa da fuskarsa.
"Jaki ma ya ji ƙara. Wace iri?"
Na rufe ido.
Tana zuwa, tana faɗuwa, tana tashi,
ƙafa ɗaya ta fi ɗaya nauyi.
Na ce ɗingishi take.
Ya gyaɗa kai. Hannunsa ya riga ni sani.

Muka katse wuta.
Kondansa mai riƙo ce, in ji shi,
ko an rabu tana ajiye da abin da za ta rama,
don haka sai da na sauke mata fushi kafin in taɓa.
Kusoshi shida cikin gwangwanin tumatir,
a ƙirga su yanzu, a ƙirga su in an gama.
Rariyar ta toshe, ta yi gashi kamar tsohon bargo,
na ba jikar Hajiya ta wanke da ruwa moɗa ɗaya,
don a garin nan ruwa ba abin wasa ba ne.

Na sassauta ƙaramar kusar da ke riƙe da sanda,
na zaro fankar, doguwa, mai haƙarƙari da yawa.
Ga shi nan.
Tsakanin haƙarƙari biyu zanzaro ya yi gini,
ɗaki uku na laka, an shafe su sumul,
tun watannin da Hajiya ke jinya a Yamai
ɗakinta a kulle.
Bai kai nauyin ɓarin goro ba.
Shi ya hana gida barci.

Zabeiru ya girgiza sandar, hagu, dama,
yana neman wasa a cikinta. Kaɗan ne.
"Mai ɗigo biyu. Na uku ɓarna."
Na maido fankar, na daidaita ta a tsakiya,
tsinken ashana tsakaninta da bango ta kowane gefe,
na ɗaure, ba ɗaurin mugunta ba.
Na juya ta da yatsa. Ta yi ta tafiya ita kaɗai.

Muka ce bismillah, muka danna.
An ɗauke wuta.

Muka zauna a dandamali har bayan la'asar,
gumi na bin bayanmu,
Hajiya na fifita da murfin kwano.
Shi da bai mallaki ko fankar tebur ba
ya yi gyangyaɗi, gidan zanzaron a tafinsa.

Da ƙwan zaure ya kama, na ruga.
Gudu na ɗaya. Na biyu. Na uku.
Labule ya motsa.
Zabeiru ya shigo yana jan takalmi, ya ɗora hannu,
ya daɗe.
"Me kake ji?"
Na ce ba komai.
Ya karanta a leɓena, ya yi dariya har tari ya kama shi.
"Nima shi nake ji," in ji shi.
"Ƙirga kusoshinka."