Faifai Na Huɗu

Da hannuna na haɗa ta, kan tabarma, a Bagalam,
dare biyu, fitila a tsakanin haƙorana.
Uwar allon ta biyo Jibiya cikin kwalin sabulu,
fankar na zare ta daga gawar wata tsohuwa,
faifan ajiya kuwa sabo fil,
irin wanda ba ya juyi, ba ya ƙugi,
siriri kamar ɓawon rake.
Mai shago ya ce: wannan sai ka gaji da shi.

Wata uku ya yi.
Ran wata Laraba na kunna, allo ya dube ni baƙi ƙirin,
ya ce bai san wani faifai ba.
Lissafin buhunan gyadar Alhaji Nomau ya tafi,
na sake kwafe shi daga littafi har wuyana ya ƙage.
Na ce jabu aka sayar mini.
Na zagi mutumin Kano har ya kashe waya.

Na biyu na saye shi nan, kusa da babbar kasuwa,
jaka ashirin da biyar, na karanta lambarsa sau uku.
Kwana arba'in.
Na ce zafi ne, watan huɗu ba ya jin roƙo.
Na buɗe mata ciki, na ƙara fanka,
na ɗora ta kan bulo kusa da randa,
ni ina zufa, ita tana shan iska.
Na canza waya, na canza rami,
na goge haƙoran ram da gefen rigata.

Na uku ya mutu da muryar Inna a ciki.
Minti goma sha ɗaya,
tana lissafa gonakinmu na bakin Gulbi,
wanda ruwa ya ci, wanda aka sayar shekarar fari,
tana tari, tana dariya, tana cewa in kashe abin nan.
Ban ajiye ta wani wuri ba.
Na ce gobe.

Tsahara ta ce a nemo rubutu a yayyafa.
Ban amsa ba. Ban kuma yi mata dariya ba.

Mati mai walda na zarga daga nan,
katanga ɗaya ce tsakaninmu,
in ya ja wuta ƙwan ɗakina sai ya lumshe ido.
Na shiga da faɗa a bakina.
Ya ɗaga gilashin fuskarsa, ya saurare ni har na ƙare,
ya ɗauko ma'aunin wutarsa mai fasasshen murfi,
ya biyo ni ba takalmi.

Bango lafiya.
Ya sa tsinke ja, ya sa baƙi, kan wayar da ke shayar da faifai.
Inda ya kamata allura ta tsaya kan biyar
sai ta haura shida, ta dawo, ta sake tsalle
kamar akuyar da ta ga wuƙa.
Ya ce: wa ya ba ka akwatin wutar nan?

Ni na ba kaina.
Jaka huɗu, a tulin kayan gwanjo, ba suna a jikinsa,
na ɗaga shi na ji ba nauyi, na yi murna da arha.
Shi kaɗai ne ban taɓa tuhuma ba,
don ranar da na saye shi na ji ni mai wayo ne.
Rijiya ta bayar, guga ya yi ta kisa.

Yanzu sabon akwati na ciki, mai nauyin dutsen niƙa.
Mati ya kafa mini sandar tagulla bayan ɗaki,
ya ce in riƙa ba ta ruwa kamar dashen mangwaro.
Na huɗu ya shiga wata na bakwai.
Kowace Juma'a ina kwafe komai wuri biyu.

Ukun suna cikin gwangwanin madara, kan taga.
An ce akwai wani yaro a Yamai
da ke iya tashin muryar da ta nutse.
Na rubuta Inna a bayan ɗaya,
ban tabbata ma shi ne ba.