Baƙon Lahadi

Daga kasuwar Pitowa Baffa Sali ya kawo shi,
cikin kwalin sabulu, a bayan babur.
Kwikwiyo ne, amma dubi dagi!
Baɗi war haka ya kai maraƙi.

Goggo Dija ta janye butarta:
"Iyakarsa garke. Kar ya lasar mini ƙwarya."

Muka zuba masa tsala a kasko,
ya sha, ya taka, ya kifar,
ya je ya yi wa tunkiya haushi,
tunkiya ko a jikinta.

Da dare, da sanyin Binuwai ya taso,
na ji kukansa, na leƙa:
Goggo ce, tana shimfiɗa masa tsohon buhu,
tana raɗa, "Yi shiru, Barsu."

Mu ko suna ba mu sa masa ba tukuna.