Lambun Unguwarmu a Madani

Da la'asar, in rana ta sassauta,
Baba Jatau ke kwance sarƙar ƙofa.
Kwaɗon ya ɓace tun ina goye,
sarƙar dai ake naɗawa don kunya.

Kakana ya ce darbejiyar tsakiya
tsararsa ce a garin nan.
Shekarar da guzurin Makka ya ƙare masa a Madani
ya shiga tsinkar auduga a Jazira,
wai kaka ɗaya, sai ya wuce.
A shekarar aka dasa ta, ba ta kai sandarsa tsawo ba.
Ya yi kaka arba'in da ɗaya.
Ita ta yi rassa, shi ya yi mu.

Ƙarƙashinta Inna Tabawa ke hura gawayi,
gahawa da citta, shayi da na'ana'a.
Ba ta da littafin bashi,
amma ta san wanda ya sha kofi uku ranar Talata
ya ce bari ya je ya dawo.

Can gefen katanga Sambo na juya tsire.
Maƙwabta na miƙo kuɗi suna cewa agashe, agashe,
ba su san da Hausa suke ba shi umarni ba.

Awadalla, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa,
da Barmo tela,
shekara ashirin suna dara a rami ɗaya.
Wannan ya yi zagi da Larabci,
wancan ya rama da Hausa,
in an kira magariba su yi alwala da buta guda.

Bara injin ban ruwa ya mutu.
Ciyawa ta koma kalar tabarma.
Muka kai kuka ofis, aka ce a dawo bayan salla,
ba a faɗi wace salla ba.
Bayan isha'i aka zagaya da hular Barmo,
abin da ya taru ko bel bai saya ba.
Kowa ya yi shiru yana kallon takalminsa.

Inna Tabawa ba ta ce uffan ba.
Ta ɗauki ruwan da ta ɗauraye kofuna,
ta juye a gindin darbejiya, ta kife bokiti.

Washegari yara suka zo da gorunan roba,
mata da ruwan wankin shinkafa,
Awadalla ya ari amalanken jaki
ya ɗebo jarka shida daga Nilu,
ya kwana biyu yana jinyar baya.

Ciyawar ba ta dawo ba har yau.
Ƙwallo ake bugawa a wurin, babu mai hanawa.
Darbejiyar dai ta yi fure,
yana zubowa cikin shayin mutane.

Benci na nan inda kakana ke zama,
ƙafa uku da bulo.
Nakan zauna a ɓangaren da ke rawa,
sai Baba Jatau ya yi tari sau uku,
mu san dare ya yi.