Makullin Sito

Ranar da Alhaji Marafa ya miƙo min makullin sito
a gaban ma'aikata goma sha tara,
na ji ya fi buhun shinkafar Wurno nauyi.
Modi, da muka shekara shida muna cin tuwo kwano guda,
ya ce, "Allah ya taya riƙo, Manaja."
Bai sake kiran sunana ba.

Litinin, ƙarfe bakwai, hanyar Kalambaina.
Ban ko zauna ba, buƙata huɗu sun tsaya a ƙofa:
bel ɗin injin casa ya tsinke tun asuba,
direban Illela ya kwana biyu yana jiran lodi,
Luba mai tsintar tsakuwa na son rance, ɗanta na asibiti,
ga wayar Alhaji tana ruri, lissafin watan jiya yake so.
Kowa ya ce tasa ce ta gaba.
Kowa kuwa da gaskiyarsa.

Da fari na ɗauka shugabanci gudu ne.
Ni ne wurin awo, ni ne ƙarƙashin inji da sifana,
ni ke ƙirga buhu, ni ke sayo gas,
har ɗinkin wani sai na warware na sake.
Ranar Sakkwato ba ta san manaja ba,
ta gasa ni kamar kowa.
Wata uku, wandona ya yi min yawa,
aiki bai ragu da ko mudu ɗaya ba.

Sai ranar da shinkafa ke shanya,
hadari ya haɗo daga wajen Rabah,
ina ofis ina farautar naira dubu biyu da ta ɓace a takarda.
Buhu arba'in suka sha ruwa.
Ma'aikata na tsaye, sun ga hadarin sarai,
amma na riga na koya musu
kada a taɓa komai sai na ce.

Baba Ladan mai gadi ya iske ni bayan isha'i
zaune a kan sikeli.
Ya ce, "Kai da ka tashi a fadama,
ka taɓa ganin mai ban-ruwa ya buɗe duk fangali lokaci guda?
Wanda ya fi ƙishi ake fara ba.
Sauran su jira, ba su mutuwa."
Ya furzar da tukar goro, ya koma bakin ƙofa.

Yanzu kafin in buɗe sito
nakan tambayi kowane aiki:
in na bar ka sai gobe, wa zai kwana da kuka?
Wanda ya amsa da sunan mutum, shi ne farko.
Alhaji yakan yi fushi, ya kashe waya,
ya kira da la'asar kamar ba a yi ba.

Na bar wa Modi inji.
In na ji ƙara ta sauya, hannuna na ƙaiƙayi,
sai in tura shi aljihu.
Sau biyu ya yi ɓarna.
Na uku, ya gano ciwon da na shekara ban gano ba.

Akwai Ɗan'ige, ɗan layinmu a Mabera,
mudu-mudu yake fita da ita cikin riga.
Na sallame shi.
Har yau uwarsa ba ta amsa gaisuwata.
Wannan kam babu mai taya ni ɗauka.

Alhaji na maganar sabon inji a Goronyo baɗi,
yana kallona in ya faɗa.
Na fara bar wa Luba makulli ranar Juma'a,
don ta iya ƙirga fiye da ni
kuma ba ta tsoron cewa a'a.

Jiya da azahar na ratsa ta gindin dogonyaro,
suna kewaye da kwano.
Na tsaya.
Modi bai ɗago ba, bai kira sunana ba tukuna,
amma ya matsa.