Jan Ido a Hanyar Kaltungo

Mun bar Kumo da hantsi, buhu arba'in a baya,
shinkafa da gishiri da man girkin bataliya,
sai jan ido ya buɗe a bayan sitiyari,
ɗan hoton batir, bai kai ƙwayar barkono ba,
ya kafe ni da kallo, ya ƙi ya huta.

Kofur Yila ya ce, "Taka kawai, ƙarya take,
tun zamanin Oga Lamela haka take."
Na ce, "Kofur, fitila ba ta neman ƙarin igiya,
ba ta da wanda za ta yi wa fadanci.
In ta ce ana ɗiba a rumbu ba a zubawa,
bari dare ya yi, ka ga gaskiyarta."

Na faka gindin ɗorawa kafin Billiri.
Hadari ya haɗo a kan duwatsu, baƙi ƙirin.
Na ɗaga bonet, zafi ya mare ni,
muryar Saje Gidado ta taso daga kabari:
"Yaro, fara da na kobo kafin na fam,
kar ka yanka sa don ƙaya ta soki kofato,
tambayi mota a hankali, za ta faɗi cutarta."

Fanbel tukuna. Na danna da babban yatsa,
bai saki ba, bai tsage ba, ba ya sheƙi.
Kan batir ya yi fari kamar an barbaɗa kanwa,
na kankare da wuƙa, na ɗaure da sifana,
na zare fis na ɗaga shi sama ina leƙe,
zarensa lafiya lau.
Na tayar. Idon na nan, jajir, kamar garwashin wuta.

Sai na ɗauko mita.

Inji a kashe, ashirin da huɗu da ɗan ɗigo.
Inji a tashe, ya kamata ta haura da takwas,
na ba ta totur har ɗorawa ta girgiza,
lamba ta tsaya cik, sannan ta soma zamewa
kamar albashi a sati na uku ga wata.

Yila ya ce, "Altaneta ta mutu, kira bariki,
su aiko janwe kafin ruwa ya sauko."
Na ce ba a haƙa kabari da mai numfashi.
Akwai wata siririyar waya, ba ta kai tsinken tsire ba,
ita ke tashin babbar daga barci,
ita ke kai wa fitila labari.
Na kwanta a laka, na bi ta da yatsa
kamar makaho na bin bangon gidan ƙanwata.

Can bayan inji, inda hannu ke shiga da ƙyar,
na ji rigar wayar ta ƙare.
Jan ƙarfe tsirara, ya jingina da jikin mota,
gefensa sawun haƙora, ƙanana, a jere,
ga ɓawon gyaɗa, ga kashin ɓarawon,
ga sheƙar da ya yi da tsumman goge tagata.

Na fito da ɓawon a tafin hannu.
Yila ya dubi sama, ya dubi takalminsa.
Sati uku buhun gyaɗarsa na bayan kujera,
tsarabar tsohuwarsa, wai sai ya sami hutu.
Ban ce komai ba. Shi ya miƙo baƙin salatif,
shi ya riƙe tocila, hannunsa na ɗan rawa,
na naɗe wayar, na ɗaure ta nesa da ƙarfe,
ɗigon farko ya faɗo a ƙeyata.

Makulli. Idon ya buɗe, inji ya kama,
idon ya rufe.
Ashirin da takwas, in ji mita.

A takardar rahoto akwai layin musabbabi.
Na daɗe da biro a baki, ruwa na dukan gilashi,
Yila na ɓare gyaɗa yana zuba mini a hula.
Na rubuta: waya ta goge.
Ɓeran kuwa, ina jin har yanzu yana cikin mota.