Murhun Panteka

Shekara ashirin da uku ina dukan ƙarfe a Panteka,
guduma ce bakina, ita ke kira mini mai saye.
Wanda ya ji ƙara ya leƙo,
wanda bai ji ba ya wuce da kuɗinsa a aljihu.
Murhu a ƙofar rumfa, ni a kan benci,
rana ta faɗi in kwashe kayana, in ce gobe ma rana ce.

Sai Suwaiba, 'yata ta uku, mai karatu a Poli,
ta tsallako titi da azahar, waya a hannu.
Ta goge murhu da bakin mayafinta,
ta aza masa tukunyar aro,
ta ce, "Baba, ɗan matsa, inuwarka ta ɓata hoton."
Na matsa. Na ce, "Wa zai dafa tuwo a kan hoto?"
Ta ce, "Mata ɗari biyu ne a zaure ɗaya,
kuma gas ya fi ƙarfin kowacce."

Daren nan waya ba ta runtsa ba.
Nawa? Nawa? Ba ragi? Ana kaiwa Rigasa?
Arba'in suka taya, biyu suka saya.
Na ce, ashe kasuwa ba ta sake hali,
rumfa kawai ta sake.

Zauren ma da sarauniyarsa.
Hajiya Lantana ta kafa doka, talla sai Laraba.
Suwaiba ta yi ɗoki, ta saka ran Litinin,
kafin la'asar an jefo ta waje.
Sai da ƙaramin murhu ya je Malali gaisuwa
kana ƙofa ta buɗe.

Wani daga Mando, murya kamar ta liman,
ya turo alat, muka loda uku a keke.
Har yau banki bai ga kuɗin ba.
Ban yi mata faɗa ba.
Ni ma an sha cin bashina ido da ido,
da rantsuwa, da musabaha.

Amma ranar da ta fi ƙona ni,
Madam Kuyet ce daga Sabon Tasha.
Ƙafar murhu ta ɓalle, miyar kuka ta kife,
ta ɗauki hoto ta shimfiɗa a tsakiyar zaure.
Aikina, a karye, gaban mata ɗari biyu!
A rumfa da mun kashe maganar mu biyu,
nan kuwa ba bango, ba labule.
Suwaiba ta ce, "In ce garin ɗauka ya karye?"
Na ce, "A'a. Waldar ce ba ta ci ba. Rubuta haka."

Da sassafe na ɗauki sabo a kafaɗa,
na hau bas na ƙetare gada,
na ajiye mata, na ɗauko gurgun,
na biya kuɗin nama, ta ƙi karɓa, na bar shi kan taga.

Da dare ta yi magana a zaure, minti ɗaya da rabi,
Hausarta da gishirin kudu.
Abin da hoto hamsin bai sayar ba,
muryar nan ta sayar kafin Juma'a.
Kakuri, Kawo, Badarawa, har Kabala,
yaran shago biyu suka zama huɗu.

Har yanzu ban iya latsa abin ba,
yatsuna sun yi kanta, gilashi ba ya jin su.
Ni dai in daki ƙarfe, ita ta daki waya.

Jiya ta zo da azahar kamar kullum,
ta goge murhu, ta ɗaga hannu,
na tashi zan matsa.
Ta ce, "Baba, zauna.
Sun ce a nuna musu mai ƙirar."
Na duba rigata, duk baƙin gawayi,
na ce, "Bari in wanke hannu."
Ta ce, "Na riga na ɗauka."