Shafi Ɗaya

Shagona yana bakin kasuwar Tawa,
tsakanin mai gyaran waya da mai niƙan tattasai.
Na'ura biyu, injin bugu ɗaya mai tari,
sai ni, Zuwera, mai buga wa mutane rayuwarsu
dala hamsin shafi.

Ran Talata, kuran bai daɗe da dawowa ba,
Tsahiru ɗan Bilbis ya shigo da takardu huɗu
cikin leda, kamar mai ɗauke da ƙwai.
Wani furoje na neman mai kula da sito.
Jumma'a da hantsi za a rufe karɓar dosiye.

Na karanta. Ya ce shi haziƙi ne,
mai kuzari, mai haƙuri, mai son ci gaba.
Na ce, Tsahiru, daga safe zuwa yanzu
kai ne haziƙi na bakwai.
Kowa ya shigo nan haziƙi ne,
har wanda ya manta lambar wayarsa.
Mushen da zai yage ambulan ɗinka
yana da ɗari uku gabansa, shayinsa na hucewa.
Ba zai bi ka har aji ɗaya na lakwal ba,
ba ruwansa da kyautar sabulu da ka ci a tsere.

Wurin da aka ce aikin da ka taɓa yi,
ya bar shi fari fat.
Ya ce, ai ban taɓa aiki ba.
Na dubi hannunsa. Na ce, to wannan kantar
a ina ka saye ta?

Ya yi dariya. Ya ce albasar Baba ce kawai,
a Tamaske, tun shekarar da idonsa ya raunana.
Kawai?
Buhu nawa? Ya ce dubu da ɗari biyu bara.
Wa ke riƙe da littafi? Ni.
Wa ke biyan 'yan dako? Ni, mutum goma sha ɗaya.
Wa ya gano rudu na uku na yoyo
kafin rabin kaya ya ruɓe?
Ya sunkuyar da kai kamar na kama shi da sata.

Na ce, wannan shi ne naman.
Sauran duk romo ne, romon ma na jiya.
Muka ɗora shekara biyar ɗin albasa a sama,
lisans ɗinsa a ƙasa, tana kallo.
Muka sa lamba inda ya sa kirari.
Ya roƙe ni in ƙara cewa yana jin Ingilishi.
Na tambaye shi sunansa da Ingilishi,
ya amsa mini da lafiya lau.
Muka share.

Huɗu suka koma ɗaya.
Ya riƙe shafin ta gefe, yana juyawa,
ya ce, ashe ban fi haka ba?
Na ce, ƙofa ce muka sassaƙa, ba gida ba.
In sun buɗe, ka shiga da sauranka.
Karanta mini lambar wayarka sau biyu,
kuma ka bar ta a kunne.

Ya biya. Ya manta ledarsa.

Yau kwana goma sha tara.
Ban ji an kira shi ba, ban ji ba a kira shi ba.
Tawa ba ta kawo wa mai bugu labari
sai in an sami kuskure.

Da magariba na ja aljihun tebur neman tawada,
na tarar da tawa takardar, ta shekara shida da suka wuce.
Shafi uku.
Haziƙa, mai kuzari, mai haƙuri.
Wurin aikin da na taɓa yi, fari fat.
Na ja kujera.
Kuran ya ɗauke.